Wace ce Eileen Younghusband, kuma me za a ɗauka daga aikinta wajen horar da ma'aikatan walwala a Gombe?

Ɗalibar Herwagana:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin zamantakewa, an ba rukuninmu aikin gabatar da takarda kan wata Baturiya, Eileen Younghusband, wai tana cikin waɗanda suka aza harsashin koyar da aikin walwalar jama'a. Duk abin da na samu a intanet yabo ne zalla: ta shugabanci kaza, an ba ta lambar kaza. Ban ga inda aka ce ga takamaiman abin da ta gyara ba.

Tambayata biyu ce. Mene ne ainihin aikin da ta yi, a waɗanne shekaru, kuma wace matsala ta tarar? Sannan malaminmu ya ce kada mu kawo masa tarihi tsurarsa, sai mun nuna abin da zai yi amfani wajen horar da ma'aikatan ofishin walwala a nan Gombe, musamman lokacin fita koyon aiki. Don Allah wanda ya san abin ya warware mana dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in ɗauki tarihin, masu riƙe da fayil a hannu sa zo su cike miki ɗaya ɓangaren.

An haife ta a Landan ranar 1 ga Janairun 1902. Mahaifinta shi ne Sir Francis Younghusband, hafsan sojan da ya ja rundunar Birtaniya zuwa Tibet a 1903 da 1904, kuma ta yi wani yanki na ƙuruciyarta a Kashmir lokacin da yake wakilin gwamnatinsu a can. 'Yar babban gida ce ke nan, babu abin da ya matsa mata neman aiki. A shekarun 1920 ta fara aikin sa kai a unguwannin talakawan Landan, irin su Stepney da Bermondsey, inda iyalan leburorin tashar jiragen ruwa ke zaune a cunkushe. A 1926 ta shiga makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, wadda ake kira LSE, a 1929 makarantar ta riƙe ta tana koyarwa.

Ga abin da masu yabo ke tsallakewa, alhali shi ne mabuɗin. A 1933 aka naɗa ta majistare. A tsarin Ingila akwai majistarorin da ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne masu mutunci da ke zama ba albashi. Ta fi shekara talatin tana zaman kotun yara, har ta shugabanci ta Hammersmith, sai 1967 ta sauka. Wanda ya yi irin wannan zama ya karanta rahoton ma'aikata iri-iri, ya kuma san wanda aka taka aka je gidan yaro kafin a rubuta, da wanda aka rubuta a kan tebur. Makomar yaro kuwa a kan wannan takardar take ratayawa.

Matsalar da ta tarar ta fito fili ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 kaɗai Birtaniya ta fara tsarin kiwon lafiya na ƙasa, ta yi dokar kula da yara, ta yi dokar tallafa wa marasa galihu. Doka ta samu, masu aiwatar da ita ne babu. 'Yan kaɗan da ke da horo kuma kowa gidansa daban: ma'aikacin walwala na asibiti da makarantarsa, na masu taɓin hankali da tasa, jami'in sa ido kan masu laifi ma'aikatar cikin gida ke horar da shi, na yara shi ma da kwas ɗinsa. Gida ɗaya mai uba mashayi, uwa mai jinya da yaro mai ɗauke-ɗauke sai ya samu baƙi uku, kowa da littafinsa, babu mai ganin gidan gaba ɗaya. Galibin ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, masu kula da tsofaffi da makafi da naƙasassu, ba su taɓa zama ajin wannan aiki ba ko na yini guda.

Gidauniyar Carnegie ta Birtaniya ce ta ɗora mata binciken halin da ake ciki. Ta fitar da rahoto a 1947, ta biyo da wani a 1951. Aikin ƙidaya ne da bin diddigi: su wa ke aikin, a ina, da wane ilimi, me ake biyansu. Shawararta ita ce a yi wa kowa tushe guda tukuna, domin iya sauraron mutum da auna halin gida da rubuta rahoto abu ɗaya ne ko a asibiti ko a kotu. Ƙwarewa a wani ɓangare ta biyo baya.

A 1954 aka gwada wannan a LSE da kuɗin Carnegie: kwas na shekara ɗaya, ɗalibi yana raba makonsa tsakanin aji da ofishin aiki, a ƙarƙashin ma'aikacin da shi ma aka koya masa yadda ake duba ɗalibi. Charlotte Towle ta Jami'ar Chicago ta zo ta yi shekara tana ba su shawara. Abin bai ƙare da daɗi ba. A 1957 aka samu saɓani da shugaban sashen, Richard Titmuss, kan yadda za a haɗe kwasa-kwasan da wanda zai ja ragama, ta ajiye aikinta. Ki sa wannan a takardarki, yana nuna cewa haɗe sana'o'in da kowa ya saba da sarautarsa ba a yin sa cikin ruwan sanyi.

Babban aikinta shi ne kwamitin da ma'aikatar lafiya ta kafa a 1955 ta ba ta shugabanci, wanda rahotonsa ya fito a 1959. Nan ne ta kasa ma'aikata hawa uku gwargwadon nauyin matsalar da ke gabansu. Na ƙasa mataimaka ne masu ɗan gajeren horo a bakin aiki, don buƙatun da suke a sarari. Na tsakiya, waɗanda su ne mafi yawa, su yi horon shekara biyu cur a kwalejoji, ba sai jami'a ba. Na sama masu digiri da horon ƙwarewa, su ɗauki matsaloli masu sarƙaƙiya, su kuma duba aikin na ƙasa da su. Daga wannan rahoto aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan walwala ta ƙasa a 1961, aka yi doka a 1962 da ta kafa majalisar kula da horon, aka buɗe kwasa-kwasan shekara biyun, har mutane na kiransu da sunanta.

A waje kuma, ita ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya bincike na uku kan horar da ma'aikatan walwala a ƙasashe a ƙarshen shekarun 1950, ta ba Hong Kong shawara a 1960, ta shugabanci ƙungiyar makarantun wannan fanni ta duniya daga 1961 zuwa 1968, kujerar da Alice Salomon ta Jamus ta fara hawa a 1929. An ba ta sarautar Dame, lambar girmamawa da Birtaniya ke ba mata, a 1964. Ta rasu a haɗarin mota a jihar North Carolina ta Amurka a watan Mayun 1981, tana da shekara 79.

A ganina kada ki wahalar da kanki neman wata nazariyya mai sunanta. Gwanintarta tsari ce. Ki kafa takardarki a kan 1947 da 1954 da 1959, sauran duk ado ne.

Hajiya Mai Fayil:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙanwata, ni kan kwas ɗin 1954 zan tsaya, don abin da ya bambanta shi da na baya shi ne mai duba ɗalibi, kuma daidai nan namu yake yoyo.

Fara da lissafin lokaci. A Amurka ba a amincewa da digirin farko sai ɗalibi ya yi awa 400 a bakin aiki, na biyu awa 900. A Ingila kwana 200 ne. Ko me makarantarku ta yanka, a ƙirga shi da awa, a rubuta kullum. Hanya biyu ake bi. Ko a tura ɗalibi wata uku a jere, ko ya riƙa zuwa kwana biyu a mako yana ci gaba da lacca. Wanda aka tura Kaltungo ko Bajoga ko Dukku dole ta farkon zai bi. Illarta, in an yi rashin sa'ar mai dubawa, kafin makaranta ta farga wata ukun ya ƙare. Ta biyun ta fi dacewa da na cikin gari, illarta kuɗin mota, da kuma ranar da kotu za ta sa zaman yaronka ta faɗo ranar lacca.

Kafin ɗalibi ya taka ofis a yi yarjejeniya shafi ɗaya, mutum uku su sa hannu: ɗalibi, malamin makaranta, da ma'aikacin da zai duba shi, da sunansa, ba "ofishin walwala" kawai ba. A rubuta ranakun zuwa, abin da ake so ya iya kafin ya tafi, da wanda zai biya kuɗin ziyarar gida. In ba a yi haka ba, ɗalibi ne ke yawo da wasiƙa yana neman inda za a buga masa hatimi, ya ƙare a ɗakin ajiyar fayil ko ɗan aiken sayo abinci.

Mako biyun farko kallo ne. Ya zauna gefe ana karɓar ƙorafi, da izinin mai ƙorafin, ya karanta rufaffun fayiloli kamar goma daga farko har ƙarshe. A mako na uku a ba shi biyu masu sauƙi, misali bin sawun kuɗin ciyarwa da aka riga aka yi sulhu a kai, ko majinyacin da aka sallama ba a ga danginsa ba. Kada su wuce biyar a hannunsa lokaci guda. Maganar fyaɗe, ko yaron da ke tsare wurin 'yan sanda, ɗalibi ba ya riƙe ta shi kaɗai, rakiya yake yi.

Takardar karɓar ƙorafi a nan ba ta Landan ba ce, don yawancin gidajenmu ba lamba. A rubuta unguwa, sunan mai unguwa, da kwatance: bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, gida mai jan ƙyaure kusa da mai niƙa. A karɓi lambar waya biyu, a kuma tambayi ta wace ce. Mata da yawa lambar miji ko ta maƙwabciya suke bayarwa, ka kira ka yi bayani, ka tona asirin da aka ba ka amana. Abin da mai ƙorafi yake so a rubuta shi da kalmominsa. "A sa ya riƙa ba mu abinci" daban yake da "a raba mu", kuma ɗalibai sun iya mayar da na farko na biyu.

Ziyarar gida ita ce gani ya kori ji. A sanar da mai unguwa cewa za a shigo, ba tare da an faɗa masa abin da ke cikin fayil ba. A je mutum biyu. Namiji iyakarsa zaure sai an ce ya shigo, don haka a haɗa da mace. A guji ranar kasuwar garin, da damina kuma a guji safiya, kowa na gona. A bar motar ofis mai tambari a bakin titi, in ba haka ba kafin ku fito unguwa ta gama yanke hukunci. In an kawo ruwa a sha. Ido kuma ya yi aiki ba tare da leƙe-leƙe ba: an hura murhu yau ko tokar ta kwana, randa da ruwa ko babu, ina yara ke kwana, akwai gidan sauro, ina katin rigakafi. A ce wa yaro ya kawo littafin makarantarsa a gani, kwanan watan da ke shafin ƙarshe ya fi duk amsar da za a ba ka kan ko yana zuwa. Ba a ɗaukar hoto, ba a ba da kuɗin aljihu, ba a cewa "gwamnati za ta taimaka" alhali ba ka riƙe da komai.

A dawo a rubuta a ranar, kafin magariba in da hali. Don koyo, ana raba shafi gida uku: abin da aka faɗa da abin da aka yi bi da bi, abin da ɗalibi ya ji a ransa a daidai wurin, sai fili na mai dubawa. Gida na biyun ɗalibai ke jin kunyar cikawa, shi ne kuwa mai amfanin. Wanda ya rubuta "na ji haushin mijin tun da ya ƙi amsa sallama" ya ba mai dubawa damar nuna masa cewa daga nan tambayoyinsa suka koma tuhuma.

A fayil na ofis kuma a raba abin da aka gani, abin da aka ji, da abin da ake zato. Ɗalibi zai rubuta: "Uban ba ya kula da yaransa." Wannan hukunci ne, kuma lauya ko alƙali zai wargaza shi da tambaya ɗaya. Daidai shi ne: "Uwar ta ce rabonsa da aiko hatsi tun ƙaramar salla. Uban ya ce ya ba ƙaninsa masara mudu goma ya kai wata biyu da suka wuce. Ba a ji ta bakin ƙanin ba tukuna. A ɗakin an ga buhu ɗaya, saura kamar mudu biyu a ciki." Mai karanta wannan ya san mataki na gaba ba sai an gaya masa ba.

Zaman dubawa awa ɗaya ne duk mako, rana tsayayya, ƙofa a rufe, waya a ajiye. Ɗalibi ya miƙa rubutunsa kwana ɗaya kafin nan. Ma'aikaci ɗaya kada ya ɗauki fiye da ɗalibai uku, don shi ma da nasa fayilolin. Malamin makaranta ya zo sau biyu, tsakiya da ƙarshe. Zuwan tsakiyar ya fi muhimmanci, lokacin ne gyara ke yiwuwa. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a tara littafin aiki sai ranar ƙarshe a zauna a sa hannu a shafi sittin da biro ɗaya. Mai duba littafin yana ganewa, tawadar ba ta canzawa.

In saura mako biyu a gama, a gaya wa mutanen da ake riƙe da fayil ɗinsu cewa za a tafi, a nuna musu wanda zai karɓa, a bar takardar miƙa aiki a saman kowane fayil.

Ɗalibar Herwagana:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na karanta wa 'yan rukuninmu, sai ɗaya ya ce duk wannan tsarin Turawa ne, mu muna da dangi da mai unguwa da zakka tun kafin su zo, don haka takardar ta zama suka ce kawai. Yaya kuke gani? Kuma hawa ukun nan, ta yaya za mu nuna shi a Gombe ba tare da ya zama kwafe ba?

Dattijon Wunti:

Jikata, ki gaya wa abokin karatunki ya kama rabin gaskiya, kada ya saki, amma rabi ce.

Ta ƙofar da aikin ya shigo ƙasar nan ma ya isa hujja. Birtaniya ta yi dokar raya ƙasashen da take mulka da walwalarsu a 1940. A farkon shekarun 1940 aka naɗa Donald Faulkner jami'in walwala a Legas, saboda yaran da ke gararamba a titi da bakin tashar jiragen ruwa. Dokar yara da matasa ta fito a 1943, Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Shi ya sa har gobe ofishin walwala ke kewaya kotun yara da gidan ajiye kangararru da rikicin ma'aurata. Gwamnatin tarayya ba ta rungumi abin sosai ba sai da dokar soja ta 1974. Ƙungiyar ma'aikatan ta kafu a 1975, Jami'ar Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976, dokar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar kuwa sai a Disambar 2022 aka sa mata hannu. Ki auna da 1962 ta su Younghusband, shekara sittin ke nan.

Sukar ma ba sabuwa ba ce. A 1981, shekarar da ta rasu, James Midgley ya fitar da littafi yana kiran yadda ake kwaso manhajar Ingila da Amurka a dasa a ƙasashe matalauta da mulkin mallaka na sana'a. Hanyar da aka koyar a LSE ta ɗauka mutum ɗaya ne zai shigo ɗaki ya yanke wa kansa shawara, kuma bayan hira akwai asusun gwamnati da za a tura shi. A nan mace za ta zo da waliyyinta ko yayarta, abin da aka ƙulla a ofis kuma ba ya tsayawa sai kawu ya ji. Asusun kuwa sau da yawa wayam.

To me za a ƙara a manhaja? Na ɗaya shari'ar iyali kamar yadda ake yin ta a kotunanmu. Ɗalibin da bai san cewa a mazhabar Malikiyya riƙon yaro bayan rabuwa na uwa ne, in ta faɗi ya koma wa kaka ta wajen uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba ko yaran na hannun wa, to zai yi sulhun da alƙali zai rushe. A Billiri ko Kaltungo kuma zai tarar da auren coci da na gargajiya, hukuncinsu daban, kotunsu daban. Ya san cewa a kundin Penal Code yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya aikata. Yaro ba takardar haihuwa, wa zai faɗi shekarunsa? A nemi katin rigakafi, rajistar firamare, ko a tambayi uwa da wace salla ko wace damina aka haife shi.

Na biyu harshe. Hausa ba ta isa ko'ina ba. Tsohuwa a rugar Dukku da Fulatanci za ta faɗi abin da ke cinta, a kudu kuma da Tangale ko Waja, a Yamaltu da Tera. Kada a sa ɗan gidan ya yi tafinta, balle yaron da ake magana a kansa.

Na uku, kowane ɗalibi ya zana taswirar taimako ta unguwar da aka tura shi: kwamitin zakka, zumuntar matan coci, 'yan agaji, ƙungiyar 'yan kasuwa, masu adashe, attajirin da aka sani da biyan kuɗin magani, da sunan wanda ake gani a kowanne. Almajiri kuma ba a taɓa maganarsa a tsallake malamin tsangayarsa. Yaran kalare a Gombe da sara-suka a nan Bauchi, hira da ɗaya-ɗaya a ofis ba ta raba su da daba, don da ya fita abokan na jiransa a bakin lungu. Aikin rukuni ake yi, da mai gidan sana'a da zai karɓe su.

Inda abokin naki ya kauce: dangi da mai unguwa suna aiki ne in ba su ne matsalar ba. Yarinyar da mai cutar da ita ɗan gida ne, dangin rufa-rufa za su yi. Nan ake buƙatar wanda aka horar, mai rubutu, mai doka a bayansa. Kuma hanyar matar nan, wato a je a ƙirga abin da ke ƙasa kafin a tsara horo, ba ta da ƙabila.

Malam Mai Alli:

Baba ya gama magana, Allah ya ja kwana. Saura hawa ukun.

Ki lura ita da nauyin matsala ta kasa su, mu kuma da takardar shaida muke kasawa, shi ya sa abin ke juyewa. Mai digiri da ya ƙware sai a ɗauke shi a kai hedikwata ya riƙa rubuta wasiƙu, a bar wa mataimaki a ƙaramar hukuma maganar fyaɗe da rahoton kotu. In za a bi nata, tantancewa ake yi tun a teburin karɓar ƙorafi. Duba tsoho, raka majinyaci, bin sawun biyan da aka amince, na mataimaki ne mai horon 'yan makonni da ake sabuntawa. Sulhun ma'aurata, mayar da yaro makaranta, neman dangin wanda aka tsinta, na mai difloma ne. Cin zarafin yara, taɓin hankali, rahoton da alƙali zai dogara da shi, da duba ɗalibai, na hawan sama ne. A kuma bar tsani, mataimakin da ya yi shekaru ya samu hanyar zuwa difloma, in ba haka ba mai ƙwazon cikinsu zai gudu wata ma'aikatar.

Don kada ya zama kwafe, ku yi ƙaramin irin bincikenta na 1947. Gombe ƙananan hukumomi 11 ne, ba za ku iya duka ba, ku ɗauki uku: cikin gari, ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Ku karɓi wasiƙa daga sashenku zuwa ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a, ku jira izini a rubuce kafin ku je. Takardar tambaya shafi ɗaya ta isa: ma'aikata nawa, maza nawa mata nawa, me kowa ya karanta, yaushe rabonsa da horo, waɗanne harsuna yake ji, fayil nawa aka buɗe cikin wata uku da suka wuce kuma na mene ne, wa ya riƙe kowanne, da me ake zuwa ziyara, akwai kabad mai makulli. Ku ƙirga daga rajista da idonku, kada ku karɓi "suna da yawa" a matsayin amsa. Sunan kowa kada ya shiga littafinku, lamba za ku ba kowane fayil. Sai ku jera nau'in matsalolin a gefe ɗaya, horon wanda ya riƙe su a ɗaya gefen, ku kai wa malaminku wannan jadawalin a shafin farko.

Hajiya Mai Fayil:

Ƙari ɗaya kan na Malam. Ku tambayi kowane ofis ɗalibai nawa suka karɓa bara, da sunan muƙamin wanda ya duba su. In an ce "dukkanmu", ku rubuta babu.